Lance Spearman: Gwarzon Takarda Da Samarin Afirka Suka Yi Rububinsa

Daga Wakilinmu

A cikin shekarar 1968, lokacin da hankalin manya a Nijeriya ya koma kan labaran bakin daga na yaƙin basasa, wata sabuwar mujalla ta ɓullo a teburan masu sayar da jaridu, ta kuwa ja hankalin yara da samari zuwa wata nahiya dabam. Sunanta African Film, kuma kamfanin Drum ne yake buga ta mako-mako. Ko da yake akwai kalmar fim a cikin sunan nata, ba ta bukatar majigi ko farin bango. Labari ne aka tsara shi cikin hotuna, shafi bayan shafi, aka rubuta maganar kowane mutum a cikin 'yar da'ira kusa da bakinsa. Tauraron labarin wani baƙar fata ne, ɗan leƙen asiri mai farautar miyagu, ana ce masa Lance Spearman, amma masoyansa sun fi kiransa Spear, watau Mashi.

Mujallar ba ta yi tsawon rai ba, gama a 1972 aka daina buga ta, bayan ta fito fiye da sau 150. Duk da haka har yau in aka ambaci sunan Spear a gaban dattijon da ya yi makarantar boko a wancan zamani, ko a Ikko ne, ko a Akara, ko a Nairobi, da wuya bai yi murmushi ba. Ya kamata mai karatu ya ji dalilin wannan ƙauna, ya ji kukan da iyaye da malamai suka yi a kanta, sa'an nan ya ji wani al'amari game da asalin mujallar wanda galibin masu sayenta ba su sani ba sai bayan shekaru masu yawa.

KAMANNIN GWARZON

Wanda duk ya buɗe mujallar, abin da zai fara cin karo da shi shi ne mutum mai tsaf-tsaf cikin kwat, da malafar Turawa a ka, da ɗan ƙulli a wuya mai siffar malam-buɗe-littafi, da sigari a baki. Yana da ƙaramar bindiga a ƙugu, yana tuƙa motar tsere ƙirar Amurka mai suna Corvette Stingray, in ya zauna hutawa kuwa wuski yake sha da ƙanƙara. Ya iya dambe, ya iya kareti, kuma ko mutum nawa suka taru a kansa sai ya ga bayansu.

Ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai Sonia, mace mai zafin nama wadda ita ma ta ƙware a kareti, ba ta jiran a zo a cece ta. Akwai Kyaftin Victor, babban ɗan sanda abokin aikinsa. Akwai kuma wani yaro mai suna Lemmy, wanda makaminsa danƙo ne irin na harbin tsuntsu, amma sau da yawa dutsen danƙon nan ne yake kuɓutar da maigidansa sa'ad da abu ya ƙazanta. Babban abokin gabarsu shi ne Rabon Zollo, mugu mai ido ɗaya a rufe da baƙin ƙyalle, wanda ake kayar da shi a wannan mako ya sake dawowa da sabon makirci a wani makon.

Labaran ba su da dogon surutu. Kafin ka juya shafi biyu an kai naushi, an yi harbi, an bi juna da mota, an ɗaure wani a ɗaki, an fasa ƙofa. Sau da yawa kuma akan yanke labarin daidai inda numfashin mai karatu ya tsaya, domin dole ya nemi fitowar mako mai zuwa.

Wannan salo na ba da labari da hotunan mutane na gaske a Italiya aka fara shi a 1947, daga nan ya bazu zuwa Faransa da ƙasashen Kudancin Amurka, har ya iso Afirka. Shi kuwa halin gwarzon, ba a ɓoye yake ba daga James Bond aka ɗebo shi, ɗan leƙen asirin Ingila da marubuci Ian Fleming ya ƙirƙiro a 1953, wanda fim ɗinsa na farko ya fito a 1962 ya kuma cika gidajen silima a duniya. A shekarun nan guguwar labaran leƙen asiri ta kaɗa ko'ina, har kamfanin Marvel na Amurka ya mayar da wani sojansa na zane, Nick Fury, ɗan leƙen asiri a 1965. Abin da Drum ya yi shi ne ya ɗauki rigar nan ya sa wa ɗan Afirka.

RUBUBI

Wani ɗan jarida Ba'amurke, Stanley Meisler, wanda yake aiki a Nairobi a lokacin, ya rubuta bayani a kan waɗannan mujallu a 1969. Bisa ga lissafin da ya kawo, ana sayar da kwafi 100,000 na kowace fitowa a Afirka ta Yamma, da 45,000 a Afirka ta Gabas, da 20,000 a Afirka ta Kudu. Jimla ke nan kwafi 165,000 a mako guda, a zamanin da masu iya karatun boko ba su kai yawan na yanzu ba ko kusa.

Amma wannan lissafi na masu saye ne kawai. Masu karantawa sun ninka haka, domin kwafi ɗaya yakan zaga aji guda, ya fita ya zaga unguwa, ya dawo ya yi laushi kamar tsumma. Yaran da ba su da kuɗi sukan haɗa kwabo-kwabo su saya tare, sa'an nan a yi layi, kowa da lokacinsa. Wanda yake da tsofaffin fitowa a akwatinsa ya zama mai faɗa a ji a ɗakin kwanan ɗalibai, ana musaya da shi, ana lallashinsa. Wanda bai iya Turanci sosai ba ma ba a bar shi a baya ba, gama hotunan da kansu suna ba da labari, ga kuma aboki a gefe yana fassara masa abin da aka ce.

Daga karatu sai kwaikwayo. A filayen wasa na makarantu yara sukan raba matsayi, wannan Spear, wancan Zollo, a yi ta tsalle ana kai duka da gefen hannu. Ƙananan yara kuwa Lemmy ne nasu, domin shi ne tsaransu, kuma makaminsa yana cikin aljihun kowannensu. Masu tsara mujallar sun yi dabara ƙwarai da suka sa yaron nan a ciki, saboda ta kansa ne ɗan firamare yake jin cewa shi ma da shi ake yi.

Sauran mujallun kamfanin ma sun sami kasuwa. Akwai Boom, mai ɗauke da labarin Fearless Fang, gwarzon daji mai yawo da giwa, da kuma Sadness and Joy, ta labaran soyayya. Amma babu wadda ta kama ƙafar African Film.

MENE NE SIRRIN?

Dalili na farko shi ne ƙarancin abin kallo. An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan a 1959, na Kaduna kuwa a 1962, amma akwatin talabijin sai gidan wane da wane. A Afirka ta Kudu ba a fara talabijin ba sam sai 1976. Silima tana nan a manyan garuruwa, sai dai tana bukatar kuɗin shiga da fitar dare, kuma gidaje da yawa ba sa barin 'ya'yansu su leƙa ta. Sai ga silima ta zo a takarda, wadda za a iya naɗewa a cusa a aljihu, a kalla a gindin bishiya ko a ƙarƙashin bargo da tocila. Sunan da aka raɗa wa mujallar ya nuna masu ita sun san abin da suke sayarwa.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Yaron da ya shiga silima a shekarun 1960, fina-finan kaboyi zai gani, ko na Indiya, ko na Tarzan. A fim ɗin Tarzan, Bature ne sarkin dajin Afirka, baƙar fata kuwa ɗan dako ne mai ɗaukar kaya a ka, wanda yake zubar da kayan ya ruga da zarar zaki ya yi gurnani. Yaron zai tafa wa Baturen, ya yi wa ɗan dakon dariya, ya koma gida bai lura da cewa kansa ya yi wa dariya ba. A cikin African Film kuwa kusan kowa baƙi ne: gwarzon, da babban ɗan sandan, da attajirin, da masanin kimiyyar, har da mugun. Babu bukka, babu ganga, babu mai sanye da warki. Birni ne na zamani mai benaye da otal-otal da manyan tituna, kuma baƙar fata ne yake ba da umurni a cikinsa.

A tuna cewa wannan ya faru shekaru uku kafin Amurka ta fitar da fim ɗin Shaft a 1971, wanda ake yawan ambata a matsayin farkon ganin baƙin jami'in bincike mai ji da kansa a majigi. A tuna kuma cewa ƙasashen Afirka da yawa ba su cika shekara goma da samun mulkin kai ba. Samarin lokacin suna ganin 'yan'uwansu sun hau kujerun da Turawa suka bari, suna kuma sa ran su ma za su hau. Spear ya zo musu da hoton irin mutumin da suke fatan zama, mai ilmi, mai mota, wanda ba ya sunkuyar da kai ga kowa. Wani marubuci ɗan Nijeriya, Tunde Giwa, ya yi bayanin wannan shauƙi a wata maƙala da mujallar Chimurenga ta buga a 2008, inda ya nuna cewa abin da ya kama zukatan tsararsa shi ne ganin gwarzo mai launin fatarsu.

Dalili na uku wata dabara ce ta kasuwanci. Ba a taɓa faɗin sunan garin da Spear yake zaune ba, ko ƙasarsa, ko ƙabilarsa. Saboda haka ɗan Nijeriya ya ɗauka nasu ne, ɗan Kenya ya ɗauka nasu ne, ɗan Gana ma haka. A ƙasar da take tsakiyar yaƙin basasa, gwarzon da ba a san yarensa ba kowa yana iya rungumarsa ba tare da an tambaye shi dalili ba.

KUKAN IYAYE DA MALAMAI

Ba kowa ne ya yi maraba da baƙon ba. Tsofaffin ɗalibai da dama suna tuna yadda ake ɓoye mujallar a tsakiyar littafin lissafi, da yadda malami yake ƙwace ta in ya kama, wani lokaci har da bulala. Hujjar malamai ita ce tana cinye lokacin karatu, kuma Turancin cikinta na 'yan tasha ne irin na fina-finan Amurka, ba wanda za a ci jarrabawa da shi ba. Hujjar iyaye ta fi wannan zafi. Mutumin da 'ya'yansu suke kwaikwayo mashayi ne, ba ya rabuwa da sigari, yana yawon gidajen rawa, kuma duk wata matsala da naushi ko harsashi yake warware ta. A gidan da ake ƙyamar giya, ganin yaro yana sha'awar mai riƙe da kofin wuski ba ƙaramin abu ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu iya magana, kuma iyayen suna ganin wani ne can yake tanƙwara musu nasu.

Irin wannan gardama ta riga ta faru a ƙasashen da aka ƙago littattafan zane. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana cewa waɗannan littattafai su ne suke koya wa yara ta'addanci da lalata. A shekarar nan wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna ya saurari shaidu a kan batun, masu buga littattafan kuma, don tsoron doka, suka kafa wa kansu hukumar tace abin da za su fitar. Ingila ta bi sahu da dokarta a 1955. Sai a 2012 wata malamar Jami'ar Illinois, Carol Tilley, ta binciki takardun da Wertham ya bari, ta gano cewa ya sassauya maganganun yaran da ya yi hira da su, ya kuma ƙara gishiri domin su dace da abin da yake son tabbatarwa.

Wannan bai nuna cewa damuwar iyaye banza ce ba. Yaro yana koyi da abin da yake sha'awa, kuma wanda ya sayar masa da gwarzo ya sayar masa har da ɗabi'un gwarzon. Abin da ya nuna shi ne cewa ɗora wa takarda laifin lalacewar yaro ya fi sauƙi a kan bincika gidansu da unguwarsu. Ga kuma wani alheri da malaman lokacin ba su cika lissafawa ba: yaron da ake kora zuwa ga littafi da bulala, shi ne yake bin mujalla da gudu da kuɗin karin kumallonsa. Da yawa daga cikinsu a nan suka saba da karatu don jin daɗi, daga nan suka wuce zuwa manyan littattafai. Bayan shekaru, da littattafan soyayya na Kano suka yawaita, an sake jin wannan gardama da kusan kalmomi iri ɗaya.

ABIN DA BA A FAƊA WA MASU KARATU BA

Kamfanin Drum na wani Bature ne ɗan Afirka ta Kudu, Jim Bailey, ɗan attajirin ma'adinai Sir Abe Bailey. An kafa mujallar Drum a 1951, ta yi suna a Johannesburg wajen tona asirin zaluncin da ake yi wa baƙaƙe a gonaki da gidajen kurkuku, daga baya ta buɗe rassa a Afirka ta Yamma da ta Gabas. To, African Film ma daga can kudancin Afirka ta fito. Bisa ga bayanin Meisler, marubuta wajen 25 ne suke tsara labaran, wasunsu ɗaliban jami'a ne a Lesotho. A Swaziland, wadda aka sauya wa suna zuwa Eswatini a 2018, ake ɗaukar hotunan. A Johannesburg ake gyara su a haɗa shafuka, sa'an nan a aika Landan, daga can su shigo Afirka ta Yamma da ta Gabas. A Afirka ta Kudu kanta da sunan Spear ake sayar da mujallar.

Wannan zagaye yana da dalili. Tun bayan kisan Sharpeville na ranar 21 ga Maris, 1960, inda 'yan sanda suka harbe baƙaƙe 69 masu zanga-zangar lumana, ƙasashen Afirka masu 'yanci suka juya wa gwamnatin wariyar launin fata baya. Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Balewa yana cikin waɗanda suka matsa lamba har Afirka ta Kudu ta fita daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 1961. Nijeriya ta daɗe tana jagorantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya, kujerar da Alhaji Yusuf Maitama Sule ya riƙe bayan an naɗa shi wakilin Nijeriya a Majalisar a 1979. A irin wannan yanayi, kayan da aka ga tambarin Johannesburg a jikinsa ba zai sami shiga kasuwar Ikko ko ta Dar es Salaam ba. Rashin ambaton sunan gari a cikin labaran ya yi wa kamfanin amfani biyu ke nan: ya jawo masu saye daga ko'ina, ya kuma rufe inda aka fito.

Shi kuwa mutumin da yake fitowa a matsayin Spear, sunansa Jore Mkwanazi. Kafin wani mai ɗaukar hoto, Stanley Bunn, ya gano shi, aikin gida yake yi a birnin Durban, yana goge daɓe da rana, da dare kuma yana kaɗa piyano a gidan rawa. A ƙasar da ya fito, doka ta tilasta wa kowane baƙin namiji da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da takardar izini, in ɗan sanda ya tare shi babu ita sai kurkuku. Wuskin nan da yake riƙewa a hoto, sai a 1962 aka halatta wa baƙar fata sayensa a can. Watau duniyar da samarin Ikko da Nairobi suke kallo suna sha'awa, inda baƙi yake shiga duk otal ɗin da ya ga dama ya kuma ba 'yan sanda shawara, duniya ce da shi kansa mai wasan ba shi da ikon zama a cikinta in an gama ɗaukar hoto.

Don haka ne ma labaran suka kauce wa siyasa ɗungum. Spear yana yaƙi da 'yan fashi da mahaukatan masana masu son mallakar duniya, amma bai taɓa ɗaga hannu a kan zaluncin da yake ƙofar gidansa ba. Da ya yi haka, da hukumar tace littattafai ta Afirka ta Kudu ta hana mujallar fita. Masu suka suna cewa an ba samari abin wasa ne don su shagala. Masu kare ta kuma suna cewa a wancan zamani nuna baƙar fata yana nasara kowane mako, a idon dubban yara, shi kansa wani irin faɗa ne da wariya. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Abin da ba a musu a kansa shi ne, girman kan da masu karatu suka samu na gaske ne, ribar kuɗin kuwa ta tafi wani wuri.

BAYAN SPEAR

A shekarar da mujallar ta tsaya, watau 1972, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar mayar da wasu sana'o'i hannun 'yan ƙasa, cikinsu har da buga jaridu da harkar talla da gidajen silima. Zamani ya fara juyawa. A 1975 wani kamfani mai suna Pikin ya fito da Powerman don kasuwar Nijeriya, wannan karon da zanen hannu, kuma gwarzon mai ƙarfi ne da ya wuce na ɗan Adam, ba abin da yake tsoro sai saran maciji. Ana fitar da shi duk mako biyu har zuwa 1977. Sai dai shi ma Turawan Ingila ne suke rubuta shi, wasu samari biyu kuma, Dave Gibbons da Brian Bolland, suna karɓa-karɓa wajen zanawa. Gibbons ya ba da labari daga baya cewa an umurce su su riƙa sa lamba a kan kowane hoto, wai don kada mai karatu ya rikice. Yaran da suka shekara huɗu suna bin Spear ba tare da ɓata ba, su ne ake wa wannan zato. Mutanen nan biyu sun zama manya a sana'arsu: Gibbons ne ya zana Watchmen a 1986, Bolland kuma ya zana wani shahararren labarin Batman a 1988. A kan gwarzon yaran Nijeriya suka gwada hannunsu.

A wasu wurare 'yan ƙasa sun ɗauki darasi da wuri. A Tanzaniya, marubuci Faraji Katalambulla ya fara fitar da Film Tanzania da harshen Swahili tun 1969. A Nijeriya, Wale Adenuga ya kafa Ikebe Super a 1976, mujallar barkwanci da ta haifi Papa Ajasco. Wani masani Bajamushe, Matthias Krings, wanda ya yi bincike a kan fina-finan Hausa, ya keɓe wa Spear babi guda a littafin da ya wallafa a 2015, yana ganin cewa waɗannan mujallu sun share fage ga fina-finan bidiyo da suka zo daga baya, irin su Turmin Danya na Kano a 1990 da Living in Bondage na 1992. Sun nuna cewa akwai dubban mutane masu shirin biyan kuɗi don su ga irinsu a cikin labari.

A wannan ƙarni kuwa 'yan Nijeriya sun kama alƙalamin da kansu. Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic a Ikko a 2013. Roye Okupe ya ƙirƙiro Malika, jarumar sarauniya wadda ya ce tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ne ya ba shi sha'awar tsara ta. A 2017 Nnedi Okorafor ta rubuta wa kamfanin Marvel labarin wata yarinya mai suna Ngozi a birnin Ikko. Su kuma tsofaffin masoyan Spear, waɗanda yanzu jikoki ne a gabansu, sun haɗu a Facebook suna nuna wa juna hotunan 'yan shafukan da gara ba ta cinye ba.

INA NAMU?

Abin da ya rage shi ne tambayar da ta shafi masu karanta wannan shafi. Duk waɗannan gwaraza da Turanci suke magana. Yaron da Hausa ce harshensa, wanda yau wayar hannu take kawo masa jaruman Amurka da na Japan har cikin ɗaki, yana cikin halin da yaron 1968 yake ciki: yana neman gwarzo, kuma zai karɓi duk wanda aka miƙo masa. Ƙwace littafi ko waya bai taɓa kashe wannan ƙishirwa ba, sai dai ya koya wa yaro ɓoyo.

Alhali kuwa ba mu rasa kayan aiki ba. Tun 1934 Malam Bello Kagara ya ba mu Gandoki, Alhaji Abubakar Imam ya ba mu Ruwan Bagaja. Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo kuma ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, daidai lokacin da Spear yake tashe. Ga tarihin Amina, ga na Bayajidda, ga labaran 'yan dambe da mafarauta da fatake. Ga kuma sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya daɗe yana yaye masu fasaha. Abin da ake bukata shi ne mai buga littattafai da zai haɗa marubuci da mai zane a teburi ɗaya, ya biya su haƙƙinsu, ya fitar da labari a kan lokaci kowane mako a farashin da ɗan makaranta zai iya. Hukumomin ilmi da ɗakunan karatu na jihohi kuma su saya su kai makarantu.

Kamfanin Drum ya tabbatar tun fiye da shekara hamsin da suka wuce cewa kasuwar tana nan. Saura mu nuna cewa muna iya cin ta da harshenmu da ɗabi'unmu. Allah ya sa masu hali da masu fasaha su ji wannan kira.